Aikin Da Kawu Ya Bari A Tayar Baya

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran kawuna, ƙanin mahaifiyata, bakanike, a cikin garejinsa da ke jikin gidanmu. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Bai yi jinya ba. Likitan da ya duba shi ya ce zuciyarsa ce ta tsaya. Ya bar mahaifiyarsa, da yayarsa, da matarsa, da 'ya'ya mata biyu ƙanana. Ya kuma bar mota ɗaya a kan jak, tayarta ta baya a cire.

Kawu, ni ce. Na san za ka yi dariya in aka ce maka ni na rubuta abin da mutane za su karanta, ni da ko baƙo ya yi sallama sai in nemi bayan labule. Baki ba na da shi, ka sani, sai dai alƙalami. Akwai abin da ya faru bayanka wanda nake so a sani, kuma Umma ta ba ni izini in faɗe shi duka, har da wanda ba daɗin faɗa.

A gidanmu kowa ya ɗauki karatun littattafan soyayya da nake yi kamar wani ciwo da za a yi wa magani. Umma ta sha ƙwace su ta ɗora a saman kwaba. Kai kaɗai ne ba ka taɓa cewa in daina ba. Maimakon haka ka ba ni maɓoya: kujerar bayan duk motar da ke gareji. Can nake shigewa bayan makaranta, in naɗe ƙafa, ina jin warin tsohon mai da ƙarar sufana. Garejin taga ɗaya gare shi, can sama kusa da rufi, kuma haskenta yakan sauko kai tsaye a kan shafin da nake karantawa kamar don ni aka yi ta.

Amma ba kyauta ka ba ni wurin ba. Ladansa ƙafata ce. Idan an yi aikin birki, iska takan shiga cikin man, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne: ɗaya yana zaune a gaba yana taka birki, ɗaya yana ƙasa wajen taya yana kwance wani ɗan ƙaramin noti don iskar ta fita. Sai ka leƙo cikin gida ka ɗaga murya, "A turo mini ƙafata!" In zauna a mazaunin direba, littafi a kan sitiyari, ba na ganinka, muryarka kawai nake ji daga ƙarƙashin mota. "Taka. Taka. Riƙe." Shiru. Sannan, "Saki."

Tsakanin riƙe da saki kake tambayar labari. "To ina muka tsaya? Ya faɗa mata, ko har yanzu yana zagaye-zagaye?" In ce ai sun yi faɗa, ya fita a fusace, ya figi mota a guje. Ka ce, "Da wane birkin? Wannan yaron ba zai kai ƙarshen littafi ba. Ki gaya mata ta nemi mai keke." Ba ka taɓa karanta ko shafi ɗaya ba, amma ka san duk samarin cikinsu, kuma babu wanda ka yarda ka ba aron mota.

Na ga yadda kake da mutane. Na tuna direban nan mai ɗaukar yara zuwa makaranta, da ya zo yana sauri, ya ce a ɗan ɗaure masa kawai ya tafi, gobe ya dawo. Ka leƙa ƙarƙashin motar, ka miƙe, ka zare makullin ka jefa a aljihu. Ya yi roƙo, ya yi zagi, har iyayenka ya ambata. Ka ba shi makullin taka motar ya je ya kwaso yaran, kai kuma ka kwanta ƙarƙashin tasa har yamma. Ranar da ka rasu, mutumin nan yana cikin waɗanda suka ɗauke ka, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Kana da ɗabi'u a aiki waɗanda ban san suna da muhimmanci ba sai yanzu. In ka gwada mota ka dawo, sai ka zagaya kana taɓa kowace taya da bayan hannu, kamar uwa mai duba zazzaɓi. Sannan akwai ƙugiyarka, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ka yi da kanka, mai rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Akwai wani ƙarfe mai nauyi da kake kira kalifa, shi ke cije faifan birki in an taka, kuma wani ɗan tiyon roba ke kai masa mai. In ka kwance kalifa don canza faifai, ba ka taɓa barinta tana lilo a jikin tiyon ba, sai ka rataye ta da ƙugiyar. Na taɓa tambayarka dalili. Ka ce, "Tiyo yana da ciki. In ya ɗauki nauyi, waje lafiya lau, ciki ya rufta. Mai ya shiga, ya rasa hanyar komawa." Na ce to, na koma kan littafina.

Motar da ka bari a kan jak ta Umma ce. Umma ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a bayan gari, kuma ita ta raine ka tun kana rarrafe, shi ya sa kake ce mata Yaya, ita kuma take yi maka faɗa kamar ba ka yi gemu ba. Motar ta daɗe a wurinka tana jiran sababbin fad, wato takalman birki, da faifai, kana gyara na mutane kana ɗaga nata. A safiyar Talatar nan ta same ka a tsakar gida kana zaune, ka dafe ƙirji, shayinka ya huce a gabanka. Ka ce jikinka ba daɗi, a bari sai gobe. Ita kuma ta gaji da tsayuwa a bakin hanya tana jiran abin hawa. Ta ce, "Kullum gobe, kullum gobe. Ko mutuwa za ka yi yau, sai ka gama mini motar nan."

Ka yi dariya, ka ce, "An gama, Yaya." Ta ɗauki jakarta ta fita ba ta waiwaya ba.

Ranar ba mu da makaranta, don haka na bi ka gareji. Ka gama gaba, ka gama tayar baya ta dama, saura ta hagu. Ina kujerar baya ina karatu, ina jin motar tana ɗan motsi duk lokacin da ka ja noti. Kana ma ɗan rera wani abu a hanci. Sai ka ce, "Ƙafata, miƙo mini ƙugiya." Na yi mamaki, domin ba ka taɓa kwance kalifa ba tare da ƙugiyar tana kusa da gwiwarka ba. Ranar ka mayar da ita ƙusa ka manta. Na sauka, na je bakin ƙofa, na ciro ta. Da na juyo, kana zaune a ƙasa, ka jingina da bango, hannayenka biyu a buɗe a kan cinya, idonka yana kallon tagar sama. Kusa da kai kalifar tana lilo a jikin tiyonta, tana zuwa tana dawowa, tana ɗan bugun ƙarfe, ƙit, ƙit.

Na miƙa maka ƙugiyar. Na daɗe ina miƙa maka. A littattafai mutum yakan yi dogon jawabi kafin ya tafi, a riƙe hannunsa, ya ambaci sunan kowa. Kai ƙugiya ka nema.

Bayan an fita da kai, Abba ya sa kwaɗo a ƙofar garejin, gida ya cika da masu gaisuwa. Ni ban iya zama cikin mutane ba. Da rana tsaka, lokacin da kowa ya yi laushi, sai in zagaya in sa ido a wata 'yar kafa da ke jikin ƙofar. Komai yana nan yadda ka bari. Takalmanka, sufana a kan tsumma, hasken taga a kan kujerar da nake zama. Kalifar tana rataye. Kuma Kawu, Allah shi ne shaida, ba sau ɗaya ba na ga tana motsi. Kaɗan, kamar wani ya wuce ta kusa da ita yanzun nan. Ƙofa a kulle, babu iska. Na ce wa kaina manyan motocin da ke wucewa a titi ne ke girgiza ƙasa. Wataƙila su ne. Ƙugiyar kuwa tana cikin jakar makarantata, ban san lokacin da na sa ta ba, ban kuma iya fito da ita ba.

Da mutane suka ragu, Abba ya buɗe garejin ya share, ya kintsa kayanka. Ya ga ƙarfe yana reto, sai ya ɗaga shi ya ɗora a kan bulo don kada ya faɗi. Washegari amininka Baba Dogo, wanda kuka koyi aiki tare, ya zo ya ce shi zai ƙarasa maka aikinka, kada wani baƙon hannu ya taɓa. Ya tarar da komai a kintse. Ya sa sabon faifai, ya sa fad, ya ɗaura taya, ya zagaya da motar a unguwa, ta tafi sumul. Ya miƙa wa Umma makulli yana share ido.

Hanyar asibitin Umma tana bi ta wani dogon gangare, kuma a ƙarshen gangaren ne hanyar maƙabarta ta rabu ta yi hagu. Ranar da ta koma aiki ina motar, za ta sauke ni a makaranta. Muna sauka gangaren sai motar ta fara nauyi. Umma tana taka totur, motar tana nishi, tana ja da baya kamar an kama rigarta. Sai wari ya shigo, irin na ƙarfen da aka manta a wuta. Daidai inda hanyar ta rabu, ta tsaya cak. Muka fito. Tayar baya ta hagu tana hayaƙi, siririn hayaƙi fari yana tashi a miƙe. Na kai bayan hannu kusa da ita kamar yadda kake yi, tun ban taɓa ba zafin ya kore ni. Sauran ukun sanyi ƙalau. Umma ba ta kalli tayar ba. Hanyar hagu take kallo.

Kafin Baba Dogo ya iso da mai jan mota, tayar ta huce, ta saki. Ya juya ta da yatsa ɗaya. Ya ce igiyar birkin hannu ce ta yi tsauri, ya sassauta ta. Aka sake fita, ta sake kamawa a wurin nan dai. Ya ce to ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kai ne suka bushe, ya ciro su ya wanke ya shafa giris. Ta kama. Ya goge tsatsar mazaunin fad har yana ƙyalli, ya kwance kalifar kanta ya duba cikinta. A gareji lafiya lau, a unguwa lafiya lau. Da an gangara, sai ta cije a bakin hanyar maƙabarta, ta tsaya tana hayaƙi, kuma duk lokacin da aka dawo da ita gida ta riga ta saki, kamar mai cewa ni me na yi?

Magana ba ta wuyar yawo. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana ce wa wata, wai a hankali, "Ai mai gyaranta ne bai sallame ta ba." Mai shagon bakin layi ya daina jingina da motar. Yaran unguwa suka riƙa tsallake inuwarta. Abba ya yi faɗa sosai, ya ce wanda ya mutu ya tafi, yana can yana fama da nasa, ba ruwansa da tayar kowa, kuma wannan magana ce ta jahilci. Na san gaskiya ya faɗa. Umma ma ta sani, ita da ta ga haihuwa ta ga mutuwa fiye da kowa a layinmu. Amma sani daban, abin da zuciya ta kama daban.

Kawu, Umma ba ta yi kuka ba tun ranar da ka rasu. Ko ɗigo. Sai ta daina cin abinci, ta daina yi mana faɗa, wanda shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Na bar littafina a fili a kan kujera ta wuce shi ba ta ƙwace ba. Takan dawo daga aiki ta tsaya a ƙofar gareji da jakarta a hannu, tana kallon tayar nan, leɓenta yana motsi. Wata rana na matsa kusa na ji abin da take cewa. "Ka yi haƙuri. Ban san da gaske kake ba."

Na yi ta maza na ce mata, "Umma, wallahi bai yi fushi ba. Ina wurin. Waƙa ma yake yi." Ta dube ni da wani irin tausayi, ta shafa kaina, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, uwata. Amma wannan irin na littattafanki ne." Ban taɓa jin haushin littattafaina ba sai ranar. Gaskiya ɗaya nake da ita, kuma sun sa ta zama kamar ƙirƙira.

Daga baya ta yanke shawara. Ta ce a kira mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya ja motar, a yayyanka ta, ba ta so ta ƙara ganinta, kuma ba za ta sayar wa wani ya shiga ba. Ya ce zai zo ranar Asabar da la'asar. Na san abu ɗaya: in motar nan ta fita daga gidanmu a haka, Umma za ta rayu ta mutu tana ganin ka tafi da ita a rai.

Ranar Asabar da azahar na shiga garejin ni kaɗai, in yi sallama da kujerata. Rana ta take, unguwa ta yi tsit, rufin kwano yana ƙas ƙas don zafi. Ban zauna a baya ba, sai na tsinci kaina a mazaunin direba. Ƙafata ta je kan birki da kanta. Na taka, na taka, na riƙe. Sai na ji wurin ya canza. Ba ƙara ba ce, ba kuma inuwa ba. Irin jin nan ne da nake yi in kana ƙarƙashin mota, ban gan ka ba amma na san da mutum. Gashin wuyana ya miƙe. Daga baya ta hagu na ji ƙit, sau ɗaya. Na riƙe birkin nan ina jiran a ce mini saki. Cinyata ta fara rawa, gumi ya jiƙa mayafina, ban ɗaga ba, domin ban taɓa ɗagawa ba sai ka ce. Ba a ce ba. Da na gaji na janye ƙafar da kaina, sai na tambayi kaina: na saki a nan, amma can baya fa, an saki? Man da na tura, ya dawo? A nan maganarka ta faɗo mini dukanta, har da yadda ka lanƙwasa tiyon da yatsa kana nuna mini.

Ina fitowa na tarar da Baba Dogo a tsakar gida, ya zo kwashe kayan aikinsa, yana ce wa Abba, "Babu abin da ban duba ba. Tiyo ma na shafa shi daga sama har ƙasa, ko tsaga babu. Ni dai na sallama." Umma tana zaune a gefe, hannu a haɓa.

Ka san ni da maza manya. Sai na shiga ɗaki, na zazzage jakar makaranta, na fito da ƙugiyar, na je gaban Baba Dogo na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa yana juya ta. Ya san ta, tare kuka lanƙwasa irinta kuna yara.

Ya ce, "Ta mutumina ce. Ina kika samo ta?"

Na ce, "Ita ya aike ni in ɗauko." Muryata kamar ta sauro.

Ya dubi ƙugiyar. Sannan ya sunkuyo, ya ce a hankali, "'Yata, bai rataye ba?"

Na girgiza kai.

"Har yaushe ta zauna a haka?"

Abba ne ya amsa, fuskarsa ta sauya. "Wani ƙarfe mai lilo? Tun ranar rasuwar har na buɗe wurin. Ni na ɗora shi a kan bulo."

Baba Dogo ya miƙe, ya ce, "Yaya, taso. Da hannunki nake so ki gani." Kamar yadda kake kiranta ya kira ta, kuma ina jin shi ya sa ta tashi.

Ya ɗaga bayan motar a kan jak, ya sa Umma ta juya tayar, ta juya. Ya ce in shiga. "Ba irin na unguwa ba, 'yata. Ki taka kamar kuna gangare, kamar akuya ta shigo gabanki." Na taka da duk ƙarfina, na sake takawa, na sake. Daga ƙasa murya ta ce, "Riƙe." Na rufe ido, domin daga inda taka ke fitowa ta fito. Sannan, "Saki." Na janye ƙafa na fito.

Ya ce, "Yaya, juya." Umma ta kama tayar da hannu biyu. Ko gezau. Ta sa ƙarfi har jijiyar wuyanta ta fito, ta ja da baya tana salati. Babu kowa a mota, babu ƙafa a kan birki, ga taya a sama ta cije. Ni kaina da na san dalili sai da tsigar jikina ta tashi.

Ya ce, "Kada ki matsa. Mayar da hannunki." Ya kwanta, ya zura sufana ta bayan tayar, ya ɗan murɗa ƙaramin notin nan. Mai ya yi tsartuwa, tsit, ya fantsama a ƙasa, da wani sauti kamar mutum ya sauke numfashin da ya daɗe yana riƙewa. Tayar ta tafi a ƙarƙashin tafin Umma, ita ba ta tura ba. Ta juya a hankali, ta juya, mu huɗu muna kallonta, har ta tsaya don kanta.

Baba Dogo ya kwance tiyon, ya tsaga shi da wuƙa a tsaye, ya buɗe a tafin hannunsa. Waje baƙi sumul. Ciki ya rufta, wata 'yar fatar roba ta saɓule ta toshe hanya, mai yana wucewa in an matsa, ba ya komawa sai a hankali. Ya ce, "Kin gani? A gangare kike taka birki da ƙarfi, shi ya sa a can take kamawa. Da kasuwa ce a ƙasan gangaren, a bakin kasuwa za ta tsaya. Mutumina bai riƙe ki ba, Yaya. Kalifa ce a hannunsa yana jiran ƙugiya, don kada tiyonki ya lalace. Lokaci ne bai jira shi ba."

Na zaci Umma za ta yi murna. Ta karɓi tiyon ta daɗe tana kallo. Sannan ta zauna a ƙasa, cikin mai da ƙura, da kayanta masu kyau, daidai inda na same ka. Ta ce, "Ashe ba shi ba ne." Ta sake cewa, "Ashe ba shi ba ne." Sai ta dube ni, ta ce, "Kullum in ta tsaya a wurin nan, ina jin tsoro, amma ina cewa ga shi nan, ko fushi ne yana nan. Yanzu fa?"

A nan kukan ya zo, Kawu. Irin wanda ke fitowa daga ciki, wanda ban taɓa jin babba ya yi ba. Abba ya ja Baba Dogo suka fita, na zauna kusa da ita na riƙe ta. Mai sayen ƙarafa ya zo ya yi ta sallama a ƙofa, Abba ya ba shi haƙuri ya koma. Da yamma Umma ta ce a zubo mata abinci, ta cinye, ta kuma yi mini faɗa a kan ɗakina da na bari a hargitse.

An sa sabon tiyo. Ranar Litinin muka gangara, motar ta tafi ba nauyi ba wari. Da muka zo inda hanya ta rabu, Umma ta kunna sigina, ta sauka gefe, ta tsaya da ƙafarta. Ta ɗaga hannu ta yi maka addu'a, na amsa. Sannan ta sa giya muka wuce.

Ya Allah, ka jiƙan kawuna, ka gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi, ka sanyaya shi. Mutane da yawa sun isa gidajensu lafiya saboda hannunsa ba su ma san sunansa ba. Ka sa wannan a ma'auninsa, ka isar da shi gidan Aljanna lafiya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kaka, wadda ta binne autanta. Ga Anti da ƙannena biyu, waɗanda har yanzu suke gudu bakin ƙofa in sun ji ƙarar sufana. Ga Baba Dogo da duk abokan aikinsa. Da kuma Ummata. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari, ya kyautata namu ƙarshen in ya zo. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Kawu a addu'a.

Amin.